Abokin Ɗauka

Babu wani tabo a kan Baba da Auta bai sani ba. Aski ne sana'arsa, shagonsa na manne da gidansa, kuma tun da Inna ta rasu ya ɗauko tsohon ya sa shi a ɗakin da ke kallon tsakar gida, ba hannun da ya ƙara taɓa kan nan sai nasa. Ya san tabon da ke bayan kunnen hagu, mai faɗi da sheƙi, wanda gashi ba ya fitowa a kansa. Ya san ƙananan da suka warwatsu a ƙeya kamar an watsa tsaba. Ya san inda zai sassauta aska, da inda zai danne fata da babban yatsa kafin ya wuce. Abin da bai sani ba shi ne yadda aka yi suka samu. In zai tambaya sai ya kafa baki a kunnen tsohon ya ɗaga murya, don kunnen ya daɗe da yin nauyi, kuma duk wannan wahala amsar ɗaya ce: "Wuta ce." Daga nan Baba ya lumshe ido, zance ya ƙare.

Abin bai taɓa damun Auta sosai ba. Ya ɗauka haka Allah ya yi tsohon, ba mai son magana ba ne. Sai da Yaya ya zo.

Yaya shi ne babban ɗan Baba. Tsakaninsa da Auta akwai shekaru masu yawa da 'yan'uwa mata da duk suke gidajen aurensu, saboda haka ba su tashi tare ba. Lokacin da Auta ke rarrafe, Yaya ya riga ya shiga ma'aikatar narka ƙarfe ta garin da suke zaune a da, yana aiki tare da Baba. Da aka rufe ma'aikatar garin ya watse, kowa ya kama gabansa, Yaya ya nausa wani wuri mai nisa ya zama mutumin waya. Ya kira, ya tambayi jikin Baba, ya sa albarka, ya kashe. To ga shi yanzu ya ajiye aiki, ya zo da motarsa, ya zauna a tsakar gida ya sha shayi, sannan ya ce, kamar mai neman aron tsintsiya, wai ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, so yake ya tafi da shi.

Auta ya ɗago kai. Ya zuba wa Baba ido yana jiran ya ce a'a. Shi ne fa mai kai shi asibiti, shi ke jera masa magani safe da yamma, shi ke matsa masa gwiwa in sanyi ya shige ta. Amma Baba bai ce a'a ba. Abin da ma ya fi ƙona wa Auta rai, Yaya ko muryarsa bai ɗaga ba. Hannu kawai ya motsa, ya nuna tsohon, ya nuna kansa, ya karkata tafi, Baba kuma ya gane sarai har ya mayar masa da nasa hannun. Maganar 'yan ma'aikata ce, wadda ƙarar injuna ta tilasta musu ƙirƙirowa, kuma duk zaman da Auta ya yi da mahaifinsa bai san yana da wani bakin a yatsunsa ba.

"A kai ni in ga tsohon garinmu tukuna," in ji Baba. "In mun dawo zan faɗi inda zan zauna."

Washegari matar Auta ta same shi a shago yana wasa askar da ba ta bukatar wasawa.

"Kai da shekaranjiya kake cewa bayanka ya gaji da ɗaga Baba," ta ce.

"Na ce ya gaji. Na ce a zo a ɗauke mini shi?"

"Oho. Da furfura a gemunka kana kishi da yayanka."

"Ni? Kishin me? Mutumin da bai san ko da wane hannu Baba ke riƙe sanda ba?"

"Shi ke nan, ba kishi ba ne. Ajiye askar nan dai kafin ta koma allura."

Kishi ne mana, kuma irin mai zafin nan da mutum ke jin kunyar faɗa ko ga matarsa.

Ranar tafiya Yaya ya ja mota, Baba na gefensa. Auta na baya tare da jakar magani, da gorar ruwa, da kujerar naɗewa, da hular rana ta Baba wadda ya tabbata in bai ɗauko ba ba wanda zai tuna. Tun daga nan ya gane matsayinsa a wannan tafiya: ɗan dako. Su biyun suna gaba suna hira da hannu. Yaya ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya yi wata alama, Baba ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. Auta ya manta rabon da ya ji wannan dariyar. Ya cuso kai tsakanin kujerun ya ce, "Me aka ce?"

"Wani mutum ne, ba ka san shi ba," in ji Yaya.

Bututun hayaƙi suka fara hangowa, dogo, shi kaɗai tsaye, da wata 'yar bishiya da ta tsiro can kusa da bakinsa, Allah kaɗai ya san abin da take sha. Daga nan kwalta ta ƙare, mota ta hau wata baƙar hanya mai ƙyalli. Yaya ya ce kashin ƙarfe ne, wato dattin da ke fita in an narka tama, kuma da shi aka shimfiɗe duk titunan garin, shi ya sa har yau ciyawa ta kasa cinye su. Ciyawar kuwa ta huce haushinta a kan gidaje. Layi-layi suke, duk iri ɗaya, ba rufi ba ƙofa, masu tsintar ƙarfe sun kwashe kwano da tagogi har da ƙusoshi. A wani ɗaki bishiya ta fasa daɓe ta miƙe ta leƙo waje. Kantin ma'aikata ya rage kantar siminti kawai, da ƙadangare kwance a kai yana gyaɗa wa baƙi kai. A makaranta baƙin allo na nan a bango, rana na dukansa. Kufai dai sosai, ko kare babu.

Suka bar motar a bakin wani layi suka taka. Baba ya ce gidansu shi ne na kusa da famfo, Yaya ya ce na gaba da shi ne. Famfon kansa babu shi, sai rami da ɗan siminti. Suka yi ta musu da hannu da baki, kowa na jin daɗin musun, Auta na biye da kaya, har Baba ya hango wani faffaɗan dutse a wani tsakar gida ya ce, "Ga dutsen wankinta nan." Yaya ne ya yi gaskiya. Baba ya dafa kafaɗarsa ya girgiza shi, kai ka ce wani abin kirki ya yi.

"Ka san Inna ba ta shanya sai ta fito nan ta dubi bututun?" Yaya ya ce wa Auta. "In hayaƙi ya nufo layinmu sai ta bar kayan a bokiti, ko da za su kwana. Ranar da ta yi kuskure, farar rigar Baba ta koma kalar toka, ta zauna a dutsen nan tana dariya har da hawaye."

Auta bai sani ba. Shi ya yi jinyar Inna har ta cika a hannunsa, amma bai taɓa sanin wata Inna mai kallon hayaƙi tana dariya a kan dutse ba. Ashe har uwar ma Yaya ya riga shi samun mai kyan. Ya ajiye kujera, ya zaunar da Baba, ya sa masa hula, sannan ya dubi ɗakuna biyun da suka rage bango kawai.

"A wane ɗaki aka haife ni?"

Yaya ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Wannan ne, ina jin. Ko kuwa wancan? Aikin safe nake ranar, na dawo na tarar kana tsala ihu." Ya juya ya tambayi Baba da hannu. Baba ya yi ɗan tunani, ya watsa hannuwa.

"Ka dai yi kuka," in ji tsohon.

Abin da gari guda ya tuna game da Auta ke nan. Ya shiga ɗakin farko ya tsaya, ya shiga na biyu ya tsaya, yana jiran ya ji wani abu a ransa. Ba abin da ya ji sai ƙaiƙayin ciyawa a idon sawu. Da ya fito ya tarar Yaya ya jingina da bango, ido rufe, hannu a ƙirji. Auta ya taɓe baki. A ransa ya ce, ji mutum, shekara da shekaru bai waiwayi kowa ba, yau shi ne mai zuciyar tuna baya.

Ma'aikatar na ƙarshen titi. Ƙofarta babu, sai ginshiƙai biyu. Layin dogo ya shiga ciki ya ɓace a cikin ciyawa, wani tarago da aka kasa ɗauka ya durƙusa a gefe, tsatsa ta huda cikinsa. Tanderun kuwa ya fi ƙarfin ɓarayi. Yana nan tsaye, ƙato, ya fi gidan sama tsawo, jikinsa na tubali ya tsattsage, bakinsa na ƙasa a buɗe, baƙi ƙirin. Auta ya leƙa ciki ya ɗaga kai, ya ga ɗan da'irar sama can nesa, sanyi da warin jemagu suka buso masa. Baba ya ce a nan ake zuba tama da gawayi ta sama, a nan ƙasa ruwan ƙarfe ke fitowa, kuma wutar ba ta mutuwa dare da rana. Bai jira an tambaye shi ba. Magana kawai ke zubo masa, shi da kullum sai an roƙa.

A bakin babbar rumfar zubi Baba ya yi abin da ya sa Auta ya saki baki. Ya miƙo masa sandarsa, ko kallonsa bai yi ba, kamar yadda ake miƙa wa ƙusa riga, ya shiga da ƙafafunsa. Mutumin da sai an riƙe shi yake sauka daga gado.

"Baba, gwiwarka!" Auta ya ɗaga murya. Tsohon bai juyo ba.

Rumfar doguwa ce, rabin rufinta ya tafi, rana na saukowa ta ɓarakar, tattabaru sun cika ƙarafunan sama. Ƙasanta baƙin yashi ne mai laushi, har yanzu ana ganin hanyoyin da ruwan ƙarfe ke bi. Kusa da ƙofa, a jikin wani ginshiƙi, wani guntun ƙarfen dogo na rataye da sarƙa mai kauri wadda, ga alama, ta gagari zarton masu tsinta. Auta ya kai hannu zai taɓa.

"Kai, bar shi," in ji Yaya. "Wannan ba a taɓa shi. In ƙarfe ya ɓalle daga tanderu, ko tukunya ta fashe, shi ake bugawa. Duk ƙarar injuna sai an ji shi. Da ka ji, ba ka tambaya, ba ka waiwaye. Ka saki abin da ke hannunka, ka damƙi bel ɗin abokin ɗaukarka, ku yi waje ta ƙofar gefe."

"Abokin ɗauka kuma?"

Maimakon ya amsa, sai Yaya ya bi Baba, wanda ya riga ya tono wani abu daga cikin yashi da ƙafa: zoben ƙarfe mai faɗi da dogayen hannuwa biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Tukunyar da ke zama a cikin zoben ta daɗe da tafiya. Baba ya kama hannu ɗaya, Yaya ya kama ɗaya, suka ɗaga. Ba wanda ya ce wa wani komai. Suka fara tafiya, ƙafar hagu tare, ƙafar dama tare, gwiwa a ɗan lanƙwashe, zoben a tsakaninsu ko girgiza ba ya yi. Suka kai wani wuri suka tsaya tare, suka karkata shi a hankali suna zuba ƙarfen da babu shi a cikin ramin da babu shi. Tsoho mai ciwon gwiwa da dattijo mai furfura, amma wallahi abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ci wa Auta rai.

"Ka gani?" in ji Yaya yana haki bayan sun sauke. "Mutum biyu ke ɗaukar tukunya. In ɗaya ya yi tuntuɓe, duka biyu wuta ta ci. Shi ya sa ba a canza maka aboki. Kai da shi ne har ɗaya ya bar aiki. Da na shigo ba wanda ya yarda ya ɗauka da sabon yaro, sai Baba ya bar abokinsa na da ya ɗauke ni."

Ya matsa kusa da tsohon, ya ɗaga gefen hular da Auta ya sa masa, ya ɗora yatsa a kan tabon nan na bayan kunnen hagu.

"Wannan nawa ne," ya ce yana murmushi. "Ina sabon shiga na taka wani guntun ƙarfe a daidai can, tukunya ta karkato wajena. Baba ya fizge ta wajensa. Abin da ya fantsamo ke nan."

Baba ya gane abin da ake faɗa. Ya kama yatsan ya danna shi a kan tabon, ya yi wata alama da ɗaya hannun, su biyun suka fashe da dariya.

Nawa ne. Auta ya ji maganar har cikin haƙoransa. Sau nawa ya zagaye tabon nan da aska, a hankali, yana riƙe numfashi don kada ya yanka? Sau nawa ya shafa masa mai in ya bushe? Ashe duk shekarun nan kayan wani yake yi wa gadi. Yana tsaye da sanda a hannu ɗaya, kujera a hammata, jakar magani a kafaɗa, gorar ruwa na lilo a wuyan hannu, su kuwa sun juya masa baya suna nuna wa juna wani lungu. Ya tabbata da zai fita ya tafi gida a ƙafa, sai lokacin shan magani za a lura ba ya nan.

Ba zai ce ya yi tunani ba. Ya dai ajiye kayan a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga wani ƙaton noti a cikin yashi, ya ɗauka. So yake su juyo, abin da zai faɗa wa kansa daga baya ke nan, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi, mummuna: so yake ya gani da idonsa wa Baba zai damƙa. Ya ɗaga hannu ya maka wa ƙarfen dogon da iya ƙarfinsa.

Ƙarar ta cika rumfar, ta daki bango ta dawo. Tattabaru suka tashi gaba ɗaya, tsatsa ta zubo daga sama. Kunnen da ba ya jin muryar ɗansa sai an yi ihu, ya ji wannan. Baba bai waiwaya ba. Hannunsa na hagu ya fita kamar ba nasa ba, ya shige ƙarƙashin rigar Yaya ya damƙi bel, ya sunkuyar da kai ya yi ƙofar gefe da gudu, yana jan babban mutum a bayansa. Yaya na faɗin "Baba! Baba, tsaya!" amma ina. Sai da suka kai bakin ƙofar gwiwar ta tuna da kanta, ta lanƙwashe, suka zube tare a kan yashi.

Auta na tsaye da noti a hannu. Ta gabansa suka wuce, har gefen rigar Baba ya taɓa shi. Ya gani da idonsa, kamar yadda ya nema.

Ya yar da notin ya ruga. Baba na zaune, ƙirjinsa na hawa da sauka, gwiwar hannunsa ta ɗan kurje. Yaya kuwa na durƙushe yana tari, irin tarin da ke fitowa daga can ƙasa, ya kasa tsayawa. Da ya samu numfashi ya ɗago jajayen idanu.

"Kana da hankali kuwa? So kake ka kashe shi? A da, wanda ya buga ƙarfen nan da wasa, ranar zai bar garin nan!"

Auta ya juya wajen tsohon. Ya durƙusa ya duba gwiwar Baba, ya lallatsa, ya ga ba karaya. Ya jawo jaka ya wanke kurjin ya ɗaure. Hannunsa na aiki, amma akwai maganar da yake so ya faɗa, kuma abin takaici, ba maganar da za a yi da ihu ba ce. To da Baba ba a yin raɗa. Dole ya kafa baki a kunnen tsohon, ya buɗe murya kamar mai talla, rumfar kuma ta maimaita masa don kada ya manta abin da ya ce.

"Baba, ni fa? Ina tsaye a nan!"

Baba ya dube shi da mamaki na gaskiya, ba fushi ba komai.

"Kai me zai kawo ka nan?" ya ce. "In ƙarfen nan ya yi kuka, kai kana gida a bayan uwarka."

Ya sunkuyar da kai. Hankalinsa ma ba a kan Auta yake ba. Tafin hannunsa na hagu yake kallo, yana buɗewa yana rufewa, kamar wanda aka ba canji bai cika ba. Sannan ya juya wajen Yaya. Wannan karon bai yi magana da hannu ba.

"Ɗaga rigarka."

"Baba, ba komai, tari ne kawai, ƙurar nan ce..."

"Na ce ɗaga rigarka. Na san nauyinka. Da in na ja ka sai kafaɗata ta kwana tana ciwo. Yau me na ja? Ina sauranka?"

Yaya ya dubi Auta kamar mai neman ceto, Auta kuwa bai san ma me ake ciki ba. A hankali ya ɗaga rigar. Bel ɗin ya zagaye shi har ya kusa komawa baya, an huda masa sababbin ramuka da ƙusa, wandon ya tattare a ƙugu. Haƙarƙarinsa a fili, ana iya bin su da ido. Auta, mai aski, wanda ke alfahari yana gane mai rashin lafiya daga fatar wuyansa, ya yi kwanaki yana kallon motar yayansa da takalmansa, bai kalli yayan ba.

"Ƙirji ne," in ji Yaya, ya saki rigar. Da Auta yake magana yanzu, da ƙaramar murya. "Likita ya ce abin da muka shaƙa a nan ne, ya zauna yana jira. Ana magani, amma dai... Ban so ya sani ba. Ba jinyarsa na zo ɗauka ba, Auta, na san ba zan iya abin da kake yi ba. So nake kawai in buɗe ido in gan shi a gidana."

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma ba ya bukata. Ya miƙa hannu, Auta ya ɗaga shi, ya ba shi sandarsa. Ya tsaya ya dubi rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau ɗaya, kamar ya gama da ita.

"Auta, in mun koma ka haɗa mini kayana."

"Baba, maganinka fa? Gwiwarka? Wa zai riƙa ɗaga ka? Shi da kansa..." Ya kasa ƙarasawa, don ba a faɗin irin wannan da ihu.

"Ka nuna wa matarsa maganin. Abokin ɗaukata ne, ban taɓa fita na bar shi ba." Ya ɗan dafa hannun Auta. "Kai lafiyarka ƙalau."

Kamar yabo ya faɗe ta, kuma Auta ya san yabon ne.

Komawa wurin mota ta ɗauki lokaci. Yaya na tafiya yana tsayawa, kuma yanzu in ya jingina da bango Auta ya san dalili. Shi ya buɗe masa kujerar naɗewa a tsakiyar baƙin titi, shi ya ba shi ruwa, shi ya riƙe masa kafaɗa da tarin ya dawo. Ya ce, "Yaya, ka yafe mini," Yaya ya ɗaga hannu kawai, ko don ya yafe ne ko don ba numfashin magana. Tausayinsa ya kama Auta sosai, har idonsa ya ciko, ya kau da kai yana kallon gidajen da ba rufi. Wannan tausayin na gaskiya ne, ba wanda zai ce ba haka ba.

A bakin mota Yaya ya laluba aljihu ya miƙo masa makulli. Baba bai nufi kujerar gaba ba, ya shiga baya kusa da babban ɗansa. Auta ya loda kaya a kujerar da ba kowa, ya tada mota, ya juya ta a hankali a kan kashin ƙarfen da ke ƙara a ƙarƙashin taya. Sun kusa hawa kwalta ya ɗaga ido ya dubi madubi. Yaya ya kwantar da kai ya rufe ido. Baba na kallon waje, amma hannunsa na hagu na ƙarƙashin rigar Yaya, yatsunsa a cikin bel ɗin, bai saki ba.

Sai Auta ya kama kansa yana lissafin abin da ya fi ƙarfin kunya: da a ce shi ne mai ciwon. Ya yi istigfari, ya damƙe sitiyari, ya mai da ido kan hanya. Ba a yi nisa ba ya sake duba madubin.